Famfon da Aka Tsayar Sau Biyu

Litinin, 10 ga Yuli, 1978, da hantsi

Na koma ofis. Ba wanda ya ce in dawo da wuri haka, amma zama a kan tabarma ana ta amsa gaisuwa ya ishe ni.

Oga Robert, Baturen da ke shugabantar ɗakin kwamfuta a kamfaninmu na kuza, ya kira ni tun ban cire rigar ruwa ba. Ya yi mini ta'aziyya da Turanci, ya maimaita da 'yar Hausarsa, sannan ya turo mini akwatin katin kwamfuta a kan tebur. Furogiram ɗin ruwa ne. Ya ce shugabanni za su aiko da kwamiti daga Legas a ƙarshen wata, suna so a gaya musu ko akwai kuskure a cikinsa. A duk kamfanin nan daga shi sai ni sai Sylvanus muke karanta harshen Simula da aka rubuta shi da shi. Shi ya fara rubutawa shekarun baya, Sylvanus ya ƙarasa, ni kaɗai ne hannuna ba ya ciki. Ya tambaye ni ko zan iya, ganin abin ya taɓa gidanmu. Na ce zan iya.

Aikin furogiram ɗin ba shi da wuyar faɗa. A saman kowane ramin kuza akwai madatsa, tulin ƙasa ne da ke tare ruwa kada ya gangaro wa masu haƙa. Da damina famfuna ke zuƙe ruwan da ya taru a bayanta. Duk Litinin ana ba kwamfuta zurfin ruwan, da halin da kowane famfo yake ciki, da ruwan saman da ake zato, ita kuma ta faɗi inda famfo ya yi kaɗan da inda ya yi yawa. Litinin ɗin da ta wuce ta ce Rami na Bakwai yana da rara. Aka ɗauke masa famfon lantarki aka kai wani wuri, aka bar masa na dizal. Ran Alhamis madatsar ta fashe.

Mutum uku suka rasu. Na san biyu: Jika, wani lebura mai yawan dariya, da Malam Ibrahim, heluman ramin, wato shugaban leburori, mijin yayata Maimunatu.

An dakatar da Sylvanus. Suwaitarsa tana rataye a jikin kujerarsa, ba wanda ya taɓa.

Litinin, bayan la'asar

Na biya Gada Biyu. Yaya tana ɗaki tana takaba, Inna ta tare wurinta. 'Yarta Ladi tana barci a cinyarta. Yaya ta tambaye ni ko na ci abinci a wurin aiki. Na ce na ci.

Talata, 11 ga Yuli, da azahar

Furogiram ɗin aji-aji ne. Aji shi ne kwatancen abu: a ce famfo yana da ƙarfi kaza, yana iya tashi, yana iya tsayawa, yana iya faɗin ruwan da ya zuƙe. Daga wannan kwatance kwamfuta take ƙirƙiro famfo na ɗaya, na biyu, har iya yawan waɗanda ke daji. Akwai ajin Rami, da Madatsa, da Ruwan Sama, da Famfo. A ƙarƙashin Famfo akwai ƙananan azuzuwa biyu, Lantarki da Dizal, sun gaji duk abin da babban yake da shi, kowanne ya ƙara nasa.

Zan ciro su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne in rubuta masa ɗan ƙaramin furogiram da zai yi masa tambayoyin da na riga na lissafa amsarsu da fensir. In amsarsa ta zo daidai da tawa, ya wuce.

Immaculata, mai huda mana kati, ta karɓi takarduna ba ta dube su ba. Ta ce, “Malam Labaran, ka dai san ba shi ba ne, ko?” Na ce ban san komai ba tukuna. Har muka tashi ba ta ƙara yi mini magana ba, amma ta huda katin tsaf, ko ɗaya bai dawo ba.

Laraba, da yamma

Rami ya wuce. Ruwa tun safe.

Alhamis, 13 ga Yuli, bayan la'asar

Madatsa ta wuce.

An yi sadakar bakwai. An raba waina. Da mutane suka fara watsewa Lukuman ya ja ni gefe, ƙanin marigayi ne, direban babbar mota a Farin Gada, yana kai kabeji da tumatir kudu. Idonsa ja. Ya ce, “An ce kai aka ba binciken. To ka yi mana adalci, Labaran. Mu ai mun san mai injin. Ɗan Ibon nan ne da gidansu ke kallon naku.”

Na ce masa ba a gama ba. Ya ce, “Mu mun gama.”

Ban so yadda ya faɗa ba. Ban so yadda na gefensa suka yi shiru ba. Na taɓa jin irin wannan shirun a unguwarmu ina ɗan saurayi, shekarar da su Sylvanus suka bar Jos daga su sai kayan jikinsu. Ba zan rubuta wannan a nan ba.

Juma'a, da safe

Kwanakin nan ta bayan masallaci nake bi zuwa tashar bas. Hanyar ta fi tsawo, da taɓo, amma ba ta wuce ƙofar su Sylvanus. Tare muka taso a unguwar Congo-Russia, tare muka yi firamare, shi ya koya mini keke. Bayan yaƙi suka dawo, ya same ni na fi shi tsayi, bai taɓa yafe mini ba. Shi ya kai takarduna wurin Oga Robert da na gama Zariya.

An hana ni magana da shi har kwamiti ya zauna. Dokar ta yi mini daɗi, wannan ma na lura.

Asabar, bayan magariba

Inna ta ce Nwamaka, matar Sylvanus, ta je Gada Biyu da kwanon shinkafa. Dangin miji suka tare ta a zaure. Ta tsaya tana ta tambaya da Hausarta ta 'yan koyo, “Maman Ladi ya ci abinci? A ba shi wannan ya ci.” Ba wanda ya karɓa. Ta koma da kwanonta a ka, cikin yayyafi. Yaya ba ta san ta zo ba.

Na sayi sabon fensir.

Litinin, 17 ga Yuli, da azahar

Ruwan Sama ya wuce. Babban ajin Famfo ya wuce: na tashe shi ya zuƙa, na tsayar da shi ya daina, na sake tashe shi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Yau ma an buga takardar mako an aika wa injiniyoyi. Na tambayi Oga Robert ko ba za a dakata ba. Ya ce ba a ba shi umarni ba, kuma in an dakata da me za a raba famfunan? Masu zagaya madatsu kullum da sandar awo an sallame su tun da furogiram ya kankama. Mutum ɗaya ya rage, da babur, yana zagayawa ran Asabar.

Oga ya rame. Yana zuwa ya tsaya a bayana kamar zai yi magana, sai ya ce a rage sanyin ɗakin, ya fita.

Talata, bayan la'asar

Lantarki ya wuce. Dizal ya wuce. Duk sun wuce.

Na zauna ina kallon takardun. In babu kuskure, Sylvanus ya fita. In babu kuskure, ban san abin da zan ce wa Yaya ba ranar da za ta tambaye ni. Immaculata ta ga fuskata ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, ba kuskure. Ta yi alamar giciye, ta ba ni gyaɗa.

Ba kuskure, kuma ruwan ya zo.

Laraba, 19 ga Yuli, da safe

An jefi rufin gidan su Sylvanus. Inna ba ta nan, ni kaɗai ne a gida, na ji ƙarar kwano. Da gari ya waye na leƙa ta taga, duwatsu a bakin ƙofa, Nwamaka tana sharewa. Yaransu ba su je makaranta ba. Mai unguwa ya zo ya tsaya ya yi faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, ba wanda ya san wanda ake yi wa.

Na bi ta bayan masallaci.

Alhamis, 20 ga Yuli, da hantsi

Sylvanus ya gano hanyar. Na same shi zaune a bencin mai shayi a bakin tasha, ya riga ya sa an haɗa kofi biyu. Bai aske gemu ba.

“Zauna, Labaran. Ba zan ce komai a kan aikin ba.”

Na zauna. Ya yi mini ta'aziyya. Ya ce ya so zuwa jana'iza, mahaifiyarsa ta riƙe masa riga. Muka sha shayi. Sannan ya ce, “Yaya kake gwada su?”

Na ce ka ce ba za ka yi maganar ba. Ya ce ya yi ƙarya. Sai na gaya masa: kowane aji shi kaɗai, duk sun wuce.

Na ɗauka zai yi murna. Ya girgiza kai. “Nima haka na gwada su. Shi ya sa suka wuce. Kana tashe shi sannan ka tsayar, kana tsayarwa sannan ka tashe shi, kamar mai hankali. Daji ba haka yake ba. Ka yi masa hauka. Ka tambaye shi ruwa tun bai tashi ba. Ka ba shi umarni a baibai, ka maimaita, ka haɗa masa biyu lokaci guda. Kuma kada ka ce don babba ya wuce ƙananan sun gaji lafiyarsa, duk abin da ka yi wa babba ka sake yi wa ƙananan.”

Na ce, “Ka san in na samu, a kanka za a ɗora.”

Ya ce, “Na sani. Kullum ina karanta shi a kaina daga farko har ƙarshe, ban gan shi ba. Yana nan. Akwai mutane a ƙarƙashin sauran madatsun, Labaran.”

Ya biya mai shayi ya tafi. Bas ta wuce ni, na jira ta gaba.

Juma'a, da azahar

Na rubuta sababbin gwaje-gwaje, na hauka. Immaculata ta ce wa zai tsayar da famfon da bai tashi ba? Na ce ni. An ɗauke wuta kafin a sa katin, da ta dawo na'urar sanyaya ɗaki ta ƙi tashi, kuma kwamfuta ba ta aiki da zafi. Sai Litinin.

Lahadi, da yamma

Ruwa. Na wanke kaya, ba su bushe ba. Ban je Gada Biyu ba.

Litinin, 24 ga Yuli, bayan la'asar

An gyara. Takardar mako ta fara fita, sannan aka ba ni injin. Na tambayi famfo ruwa kafin ya tashi, ya ce babu, daidai ne. Na tashe shi sau biyu a jere, bai damu ba. Na ba Madatsa ruwan da ya fi tsayinta, ta yi ƙara yadda ya kamata. Sauran sai gobe.

Lukuman ya zo ƙofar kamfani, maigadi ya hana shi shiga. Ya bar saƙo wai yana gaishe ni.

Talata, 25 ga Yuli, da azahar

Na same shi.

Na tsayar da famfon dizal, sannan na sake tsayar da shi ba tare da na tashe shi ba, na tambaye shi ruwan da ya zuƙe. Ya kamata ya ce babu. Ya ba ni ruwan yini cikakke.

Na sake. Haka. Na bi layi-layi. A babban ajin Famfo, umarnin tsayawa ba ya cewa “a kashe”, cewa yake “a juya”: in yana kunne ya mutu, in yana mace ya kunnu. Lokacin da aka rubuta shi dalili ɗaya ne ke tsayar da famfo, wato gyara, kuma ba a kai wanda ke wurin gyara wurin gyara, don haka bai taɓa yin ɓarna ba. Da aka ƙara ajin Dizal sai aka ƙara dalili na biyu, ƙarewar mai, shi ma ya kira wannan umarnin. Famfon da ke wurin gyara kuma ba shi da mai, an tsayar da shi sau biyu. A idon kwamfuta yana aiki.

Na ciro katin da aka sa a makon da madatsar ta fashe. Famfon dizal na Bakwai: gyara, kuma ba mai.

Babban ajin rubutun Oga Robert ne. Dizal na Sylvanus ne.

Ina zuwa, bari in duba katin jiya.

Laraba, 26 ga Yuli, da safe

Jiya ban dawo ga littafin nan ba.

A katin wannan makon Rami na Huɗu yana da dizal biyu, ɗaya daga cikinsu gyara ne kuma ba mai. Takarda ta ce Huɗu lafiya yake. Na shiga ofishin Oga Robert ban ƙwanƙwasa ba. Na shimfiɗa masa takardun, na sa yatsa a kan layin. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya ce, “Wannan layin nawa ne.” Na ce masa mu bar wannan, ga Huɗu.

Wayar daji ba ta shiga in ana ruwa. Ya ɗauki makullin landiroba da kansa. Hanyar ta lalace, sau biyu muna kafewa, na fita na tura, taɓo har gwiwa.

Mutane suna ƙasan rami suna aiki, da buhuna a ka saboda yayyafi. Daga can ƙasa ba a ganin bayan madatsa. Muka hau. Ruwan saura kamar kamu ɗaya ya taɓo bakinta, jan ruwa, shiru, ganyaye suna yawo a kai. Famfo ɗaya yana ta fama, ɗayan a kwance, an kwance masa ciki. Oga ya tsaya a sama yana ta kaɗa hula yana ihu da Hausa, “Fita! Kowa fita!” Heluman wurin ya hauro yana gunaguni, wai za a ɓata musu yini. Da ya ga ruwan ya daina magana, ya hura usur.

An fitar da kowa. An jawo famfo daga wani rami kafin duhu. Madatsar ba ta fashe ba, har yanzu tana nan. Wasu leburori sun yi ta tsaki a kan hanya, sun ce Bature ya tsorata a banza. Mai yiwuwa ne.

A hanyar dawowa Oga ya tsayar da mota a gefen titi ya fita ya yi amai. Na ba shi hankici. Daga yau an daina buga takardar mako.

Alhamis, bayan la'asar

Na bi ta ƙofarsu, na yi sallama. Nwamaka ta buɗe kaɗan, da ta ga ni ne ta buɗe duka. An hana ni, na sani.

Na ba Sylvanus takardar. Ya karanta a tsaye a bakin taga. Ya daɗe.

“Na karanta layin nan ba adadi,” in ji shi. “Na ga an rubuta tsaya, na ɗauka tsaya yake nufi.” Da ya kai inda na rubuta Rami na Huɗu ya ce, “Huɗu fa?” Na ce an fitar da su. Ya zauna a hannun kujera ya rufe fuskarsa da takardar. Nwamaka ta kwashe yara ta shiga ciki. Na ɗan zauna, na tashi.

Juma'a, 28 ga Yuli, bayan masallaci

Kwamiti ya zauna da safe. Mutum uku da kwat, sanyin Jos ya dame su, an kawo musu shayi. Na yi bayani a allo. Na ce kowane aji daidai yake in shi kaɗai ne, haɗuwarsu ce kuskuren, kuma ba wanda ya taɓa gwada haɗuwar. Na ce da akwai mai duba madatsa kullum da ya gani da idonsa. Shugabansu ya ce wannan ba ya cikin abin da aka turo su.

Oga Robert ya miƙe ya ce layin nasa ne. Shugaban ya tambaye shi shekara nawa layin ya yi yana aiki kafin a ƙara na Dizal, an taɓa samun matsala? Ya ce a'a. Sai ya juyo gare ni: “Malam, da ba a ƙara na biyun ba, da madatsar ta fashe?”

Na ce da ba a ɗauke famfon ba.

Ya ce, “I ko a'a.”

Na ce a'a.

Ya rubuta. An sallami Sylvanus daga aiki. Oga zai tafi hutu ƙasarsu, kowa ya san ba zai dawo ba. Immaculata ta cire suwaitar daga kujera ta ninke ta sa a jakarta, za ta kai masa ran Lahadi a coci.

Liman ya yi huɗuba a kan shirin azumi.

Lahadi, 30 ga Yuli, da yamma

Yaya ta tambaya. Ta sa Inna ta fita da Ladi, ta ce, “Labaran, an ce ka gano. Gaya mini yadda zan gane. Kada ka yi mini Turanci.”

Na ciro biro mai dannawa daga aljihu. Na ce in na danna, bakin ya shige, ya daina rubutu. In wani ya zo bayana shi ma yana so ya daina rubutu, bai duba ba ya danna, sai bakin ya fito. Mutum biyu, kowa kashewa ya yi niyya. Haka aka yi wa famfon a cikin kwamfuta, ta ɗauka yana zuƙar ruwa alhali yana kwance.

Ta karɓi biron. Ta danna, ta duba. Ta sake dannawa, ta duba.

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan, Yaya.”

“Ba wanda ya ƙi shi? Ba wanda ya yi da gangan?”

Na ce babu. Ta ci gaba da dannawa a hankali, ba ta kallon komai. Can ta ce, “Da an ce mini wani ne ya tsane shi, da na san inda zan ajiye zuciyata.” Ba ta yi kuka ba. Ta tambayi su wane ne mutum biyun, na faɗa mata. Na gaya mata wanda ya nuna mini hanyar da zan bi in samo kuskuren, da abin da ya same shi ran Juma'a. Na gaya mata zuwan Nwamaka. Ta kira Inna ta tambaye ta ko gaskiya ne, Inna ta ce an ga bai kamata a dame ta ba. Yaya ta ce gidan nan nata ne har ta fita takaba.

Na baro mata biron.

Laraba, 2 ga Agusta, da azahar

Na gyara layin. Yanzu cewa yake a kashe. Na sake duk gwaje-gwajen, na hankali da na hauka, a kan babba da ƙanana. Sun wuce. Na rubuta a rahoto cewa wucewarsu ba ta nufin babu wani. An ce in koma kujerar Sylvanus ta kusa da taga, na ce tawa ta ishe ni.

Juma'a, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Gobe su Sylvanus za su tafi Enugu, wurin wan Nwamaka. Ya ce ba zai bar garin ba sai ya gaida Yaya. Na raka shi bayan an sauko daga masallaci.

Lukuman yana zaune a zaure ya miƙe ƙafa ya tare hanya. Sylvanus ya yi sallama, bai amsa ba. Muka tsaya. Daga ciki Yaya ta ce, “Lukuman, baƙona ne.” Ya daɗe kafin ya janye ƙafar. Bai ɗago kai ba.

Tana bayan labule. Sylvanus ya durƙusa a tsakar gida, ƙasa a jiƙe. Ya ce, “Yaya Maimuna, ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa.” Ta amsa. Ya ce, “Hannuna yana ciki. Ban zo in ce ba ya ciki ba.”

Kaza tana tono kusa da randa.

Ta ce, “Labaran ya nuna mini. Na ji. Ban ce na yafe ba, Sylvanus, ban kuma ce ban yafe ba. Ban kai nan ba tukuna. Tashi, wandonka zai jiƙe.” Ya tashi. Ta ce, “Ka ce wa Nwamaka ban san ta zo ba. Da na ci.”

A hanyar dawowa, a kan gada, ya ce mini in kula da Inna, ƙafarta ta fara kumbura, ya gani.

Ana cewa za a ga wata yau.

Asabar, 5 ga Agusta, bayan magariba

An tashi da azumi. Motarsu ta tashi da sassafe. Na taimaka aka ɗora keken ɗinkin Nwamaka, nauyi gare shi. Maƙwabta kaɗan sun fito, wasu sun tsaya a ƙofofinsu. Mun yi musabaha. Ya ce zai rubuto. An rufe gidan da kwaɗo.

Na je Gada Biyu shan ruwa. Inna ta soya ƙosai. Yaya ce ta dama kunu da kanta, karon farko da ta shiga madafa tun ranar. Da aka kira salla ta fito da faranti ta ajiye a gabana, da kofi biyu na maza a kai, ɗaya nawa, ɗaya babban mai shuɗin baki da ba wanda ke sha da shi sai mai gidan. Ta cika su duka ta koma ɗauko dabino. Inna ta gani, ta dube ni.

Na sha nawa. Kafin ta dawo na ɗauki nasa na shanye, da zafinsa.